Hatimin Wane Ne a Kan Wasiƙar?

Kowace wasiƙar imel tana da layi guda wanda masu aikawa ba su cika dubawa ba, alhali a kansa idon mai karɓa yake fara sauka: layin da ke nuna daga wa saƙon ya fito. Ga mai adireshi ɗaya tak, wannan layi ba ya buƙatar tunani. Amma da wuya a sami ma'aikaci a Gusau yau da adireshi ɗaya. Akwai na Yahoo da ya buɗe yana ɗalibi, akwai na Gmail da ya zo tare da wayarsa, akwai na ofis idan ofishin yana da shi, ga kuma na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta ci gaban unguwa da aka ɗora masa nauyin sakatarenta. Manhajojin imel sun ba shi damar tara su duka a taga ɗaya, ya riƙa zaɓar sunan da zai yi magana da shi kamar mai zaɓar hula a cikin kwaba. Gmail kaɗai yana barin mutum ya aika da adireshi har 99 daga akwati guda.

Wannan sauƙi ne na gaske. Sai dai yana lulluɓe wata tambaya da ta girmi intanet nesa ba kusa ba: idan mutum ya rubuta wasiƙa da yawun kujerar da yake riƙe da ita, wa ya mallaki sunan da ke kan wasiƙar, shi ko kujerar? Kuma ranar da ya tashi daga kujerar, ina amsoshin za su ci gaba da zuwa?

Magatakarda da hatimi

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin cewa mai riƙe alƙalami daban, mai maganar daban. A Daular Usmaniyya, wasiƙu tsakanin Sakkwato da sarakuna suna buɗewa da sunan wanda ya aiko da na wanda aka aika wa, kuma sau da yawa magatakarda ne yake rubutawa. Abin da ke ba takardar ƙarfi shi ne hatimin da aka buga mata da kuma manzon da ya kawo ta, wanda fada ta san fuskarsa kuma ta san gidan da yake wa aiki. Ana kuma adana abin da ya shigo. Lokacin da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara aka buga su a 1927. Masu tarihi suna amfana da su har yau saboda an tara su a gidan da aikin yake.

Ofisoshin zamani sun gaji wannan hankali ta hanyar hatimin roba da takarda mai kan ofis. Babu sakataren ƙaramar hukumar Tsafe ko Bungudu da zai yi tunanin tafiya gida da hatimin ofis ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Yana miƙa shi tare da makullai da fayiloli, a gaban shaidu. Da imel ya shigo, sai aka ɗauke shi tamkar lambar waya, abin da mutum ke yawo da shi a aljihu, aka manta cewa shi ne hatimin, shi ne takardar mai kan ofis, shi ne kuma ɗakin ajiyar fayiloli.

Yadda sunan ke hawa kan saƙo

Ka'idar da kwamfutoci ke bi wajen miƙa wa juna imel, wadda ake kira SMTP, Jon Postel ne ya wallafa ta a Amurka a 1982, a zamanin da masu amfani da hanyar ba su da yawa kuma galibi jami'o'i ne da cibiyoyin bincike da suka yarda da juna. Saboda haka ba a gina ta da hanyar tantance mai aikawa ba. Layin "daga" rubutu ne kawai, kamar sunan da mutum zai rubuta a bayan ambulan kafin ya jefa a akwatin gidan waya. Gidan waya ba ya tambayar katin shaida. Duk abin da aka ƙara daga baya faci ne a kan wannan ɓaraka.

A aikace, hanyoyi uku ne mutum ke bi ya aika da suna fiye da ɗaya. Ta farko ita ce ya shiga kowane asusu da kalmar sirrinsa, ya riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Ta biyu ita ce ya zauna a akwati guda ya ƙara wasu adireshi a cikinsa. Manhajar za ta tura lambar tabbatarwa zuwa adireshin da ake son ƙarawa don ta gamsu cewa yana da iko da shi, sannan ta riƙa bi ta sabar wancan adireshin, wato babbar kwamfutar da ke karɓa da rarraba saƙonninsa. Ta uku ita ce wakilci: mai akwatin ya ba wani izinin karantawa da aikawa a madadinsa ba tare da ya ba shi kalmar sirri ba, kuma saƙon yana iya nuna cewa wane ne ya aika da sunan wane. Asusun Gmail na kyauta yana ɗaukar wakilai har 10. Wannan ta uku ita ce ta fi kama da aikin magatakarda, ita ce kuma aka fi mantawa da ita.

Akwai mai aikawa na huɗu wanda ba mutum ba ne. Shafin intanet na makaranta ko asibiti yakan tura rasit da sunan ofishin kuɗi, ya tura takardar shiga makaranta da sunan magatakarda, ya tura sanarwa da sunan ofishin shugaba. Mai gina irin wannan manhaja yakan ga kamar abin wasa ne: ya rubuta duk adireshin da ya ga dama a layin "daga", tunda ka'idar ba ta hana ba. Da can hakan yana wucewa. Yanzu sabar mai karɓa tana yin tambayoyi uku. Ta farko, wadda ake kira SPF: shin mai sunan gidan, wato abin da ke bayan alamar @, ya lissafa wannan sabar cikin waɗanda ya yarda su aika da sunansa? Ta biyu, DKIM: shin saƙon yana ɗauke da sa-hannun lissafi da za a iya gwadawa da makullin da mai gidan ya bayyana? Ta uku, DMARC: shin gidan da ya ci waɗannan gwaje-gwaje shi ne wanda aka rubuta a layin da mai karatu ke gani, kuma me mai gidan ya ce a yi da saƙon da ya faɗi, a bar shi, a ware shi, ko a ƙi karɓarsa?

A watan Afrilun 2014 Yahoo ta zaɓi a ƙi karɓa, sai manhajoji masu yawa da ke aikawa da adireshin Yahoo na masu amfani da su suka wayi gari saƙonninsu na dawowa. Daga Fabrairun 2024 kuma Google da Yahoo suka wajabta waɗannan gwaje-gwaje a kan masu aika saƙo da yawa, inda Google ta sa iyakar a kan saƙo 5,000 a rana. Ma'anar wannan ga ƙaramar makaranta a Gusau ita ce: ba za ta iya buga hatimin da ba nata ba. Gidan gmail.com na Google ne. Wanda yake zaune a cikinsa ɗan haya ne, ko da bai biya ko kwabo ba, kuma ba shi da ta cewa a kan dokokin gidan, ciki har da iyakar saƙo 500 a rana da aka sa wa asusun kyauta.

Satumban 2021

Wata ma'aikaciya a wata ƙaramar ƙungiyar agaji da ke Gusau ta ga ƙarshen wannan lissafi a lokacin da ba ta da halin yin kuskure. Ƙungiyar tana raba hatsi da kayan masarufi ga matan da rikicin 'yan bindiga ya raba da ƙauyukansu, waɗanda suka fake a cikin garin Tsafe da kewayen Bungudu. Ita ce mai haɗa rahoto da lissafin kuɗi. A kwamfutarta tana da adireshi huɗu a taga ɗaya: nata na kanta, na ƙungiyar, na shugaban ƙungiyar wanda ya ba ta kalmar sirrinsa domin ba ya son zama gaban allo, da wani da aka buɗe don wani shiri da ya riga ya ƙare. Adireshin ƙungiyar na Gmail ne, kuma tsohon sakatare ne ya buɗe shi shekaru da suka wuce da lambar wayarsa. Ya bar aikin lafiya lau, ya koma noma da kasuwanci a Bungudu, ya bar kalmar sirri a rubuce a bayan wani littafin rajista. Babu wanda ya ga dalilin canja lambar.

A ranar 3 ga Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin a ba sojoji damar fatattakar 'yan bindiga. An ce mako biyu. Sai a farkon Oktoba aka buɗe wa birnin Gusau, sauran sassan jihar kuma suka ƙara jira makonni da dama. A tsakiyar wannan shiru ne wa'adin miƙa rahoto ya cika, wanda sai da shi masu ba da tallafi za su saki kaso na gaba. Ta ɗauki rahoton a ƙaramar ma'ajiya, ta bi motar haya ta Tsafe da Funtua, hanyar da kowa ke shiga da addu'a a bakinsa, ta sauka Zariya ta shiga wani shagon intanet.

Google ta ga sabuwar kwamfuta a sabon gari, sai ta yi abin da aka gina ta ta yi: ta nemi lambar tabbatarwa, ta tura ta zuwa wayar da aka yi rajista da ita. Wayar tana Bungudu, a aljihun mutumin da ba shi da layi. Kalmar sirrin da ke hannunta daidai ce, amma ba ta buɗe komai ba. Asusun shugaban ma haka ya yi mata. Wanda ya buɗu shi ne nata, domin wayarta tana hannunta kuma ta sami layi tun da ta fita daga jihar. Ta aika rahoton da takardar neman kuɗi daga nan, ta yi bayanin halin da ake ciki.

Jami'in kuɗi na masu tallafin ya amsa cikin ladabi cewa ya karɓi rahoton, amma ba zai iya sakin kuɗi bisa takardar da ta fito daga adireshin da ba shi ne a cikin yarjejeniya ba, sai an tabbatar masa ta hanyar da aka saba. Hanyar da aka saba kuwa ita ce adireshin da ya kulle da lambar wayar shugaban da ba ta shiga. Rabon hatsin da aka yi wa mata alkawari a Tsafe ya yi jinkirin makonni, a daidai lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako kuma abinci ya yi tsada.

Jami'in bai yi laifi ba. Irin wannan saƙo, mai cewa an sami matsala don haka ga sabon adireshi, a gaggauta biya, shi ne ainihin salon da 'yan damfara ke amfani da shi. A 2018 aka shiga akwatin imel na babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, mai sayar da injunan Caterpillar daga Ingila, aka riƙa tura umarnin biya da sunansa har aka kwashe kimanin dala miliyan 11. Wata kotu a Amurka ta yanke wa ɗan Najeriya Obinwanne Okeke ɗaurin shekara 10 a kan wannan a Fabrairun 2021. Idan saƙo daga ainihin akwatin mutum yana iya zama ƙarya, ina ga wanda ya fito daga baƙon adireshi? Duk ofishin kuɗi mai hankali ya koyi yin shakka.

Da layi ya dawo Gusau, ta kawo maganar a gaban shugaban. Ya ce, "Hajiya, ai imel imel ne. Tunda an buɗe layi, a kira Malam ya karanto mana lambar."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, zai karanto, mutumin kirki ne. Amma sunayen matan nan da lambobinsu da ƙauyukan da suka baro duk suna cikin akwatin. Yau wayarsa ta faɗi a kasuwa, wanda ya tsinta ya fi mu iko da su."

Wannan ita ce maganar da ta fi jinkirin hatsi nauyi. A yankin da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suke cikin abin da jama'a ke tsoro, jerin sunayen waɗanda za a ba kuɗi ko kaya, da ranar rabo da wurinsa, amana ce da ke iya shafar rai. Tun daga Yunin 2023 kuma, da aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, duk mai tara bayanan mutane yana da alhakin tsare su a gaban doka.

Kujerar gwamnati a akwatin haya

Abin da ya sami ƙaramar ƙungiya yana samun manyan ofisoshi. Duk wanda ya saba duba tallan neman 'yan kwangila ko katin jami'an gwamnati a Najeriya ya sha ganin adireshin Yahoo ko Gmail a ƙarƙashin tambarin hukuma. A 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da wata manufa da Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya gabatar, wadda ta buƙaci hukumomin gwamnati su daina gudanar da aikin hukuma da irin waɗannan adireshi, su koma sunayen gida na ƙasa kamar .gov.ng da .edu.ng. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana da nata gidan, fugusau.edu.ng, kuma duk adireshin da ke ƙarƙashinsa jami'ar ce ke iya buɗe shi ta kuma rufe.

Dalilin manufar a fili yake. Tun daga 1999 Zamfara ta ga gwamnoni biyar: Ahmad Sani Yarima, Mahmud Aliyu Shinkafi, Abdul'aziz Yari, Bello Matawalle da Dauda Lawal. Kowane sauyi yana tafiya da kwamishinoni da masu ba da shawara da mataimaka. Duk wasiƙar aiki da aka yi da adireshin mutum ta bi shi gida. Wanda ya gaje shi zai tarar da kabad cike da fayilolin takarda, amma tattaunawar da aka yi da ɗan kwangila ko wata hukumar waje a kan farashi da wa'adi tana cikin wayar wani da ba ya ofis. Mai binciken kuɗi ba zai gan ta ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ba ta da amfani a kan takardar da hukuma ba ta riƙe da ita. Ko a Amurka wannan batu ya yi ƙarfin da ya dabaibaye takarar Hillary Clinton a 2016, bayan an gano a 2015 cewa ta gudanar da aikin Sakatariyar Harkokin Waje da sabarta ta gida. Ga kuma wani haɗari mara hayaniya: daga Disambar 2023 Google ta fara aiki da dokar da ta ba ta damar goge asusun mutum da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Akwatin shirin da ya ƙare, da duk rasit ɗin da ke ciki, yana iya ɓacewa ba tare da kowa ya yi niyyar ɓatar da shi ba.

Uzurin da ke da ƙarfi

Masu riƙe da Gmail suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Kyauta ne, yana buɗewa ko da layi ya yi rauni, yana tace tarkacen saƙonni da kyau, kuma kowa ya iya shi. Imel mai sunan gida yana buƙatar a sabunta rajista duk shekara, a biya mai masauki, a sami wanda ya san yadda ake saita gwaje-gwajen nan uku. Manyan kamfanonin da ke ba da wannan hidima da yawansu da dala suke lissafi, kuma tun da darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023 nauyin ya ƙaru. Sabar da aka kafa aka bar ta ba kulawa ta fi Gmail haɗari. Ƙungiyar da ke ƙirga kowane kwano na gero tana da haƙƙin tambayar ko wannan ne wurin da ya kamata kuɗinta ya tafi.

Amsar ita ce mafi yawan gyaran ba ya cin kuɗi. Abin da ma'aikaciyar nan ta yi a makonnin da suka biyo baya misali ne. An sayi layin waya da ke zama a ofis, aka mayar da rajistar akwatin ƙungiyar kansa, aka ƙara adireshin ma'aji a matsayin hanyar ceto ta biyu. An fitar da lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa, waɗanda ke aiki ba tare da saƙon waya ba, aka buga su a takarda aka sa a ambulan biyu, ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin ma'aji. Ta mayar wa shugaban kalmar sirrinsa ta sa ya canja ta, ya naɗa ta wakiliya a akwatinsa, yadda duk abin da ta aika da sunansa zai nuna hannunta. Ta cire adireshinta na kanta daga tagar aiki gaba ɗaya, domin taura biyu ba ta taunuwa, kuma yawancin kuskuren aika takardar ofis da sunan gida daga wannan cakuɗa yake fitowa. Ta saita manhajar ta riƙa amsa kowane saƙo da adireshin da aka aiko shi. A takardar miƙa aiki kuma aka ƙara layi guda a ƙarƙashin makullai da hatimi.

Sunan gida ya zo daga baya, da aka sami hali. Rajistar suna mai ƙarewa da .org.ng ana yin ta da naira ta hannun dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su. Abin lura a nan shi ne a yi rajistar da sunan ƙungiyar. Idan aka bar yaron da ya gina shafin ya yi ta da sunansa, an sake komawa gidan jiya, an dai canja wanda ke riƙe da makullin ne kawai. Sannan a buɗe adireshi da sunan aiki, na sakatare, na kuɗi, na shugaba, yadda mutum zai tafi adireshin ya zauna.

Kayan aro ba ya rufe katara. Duk shugaban makaranta ko asibiti ko ƙungiya a Gusau da Tsafe da Bungudu yana iya gwada ofishinsa da tambaya ɗaya a taron ma'aikata na gaba: idan aka nemi lambar tabbatarwa ta akwatin ofis yau, wayar wa za ta yi ƙara? Idan amsar sunan wanda ya bar aiki ne, ko kuwa aka yi shiru ana kallon juna, to hatimin ofishin yana waje, kuma gara a aika a karɓo shi tun layi yana aiki.